Aji ɗaya ko gamin aji: wanne ya dace da jaruminka a Dungeons & Dragons da Pathfinder?

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya a cikin labarin da jagora ke bayarwa, duk lokacin da jaruminka ya tara makin hawa sabon mataki, hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ƙara matakin a ajin da ka fara da shi, wato sana'ar jarumin, mayaƙi mai mataki 4 ya koma mai 5, ko ka kai shi wani aji dabam, ka tashi da mayaƙi 4, wizad 1. Wannan na biyun shi ne gamin aji, kuma da wuya ka sami teburin wasan da ba a taɓa musu a kansa ba. Wani zai ce maka da shi ake gina jaruman da suka fi kowa ƙarfi, wani ya rantse babu abin da ya kai shi saurin lalata jarumi. Kowannensu ya ga abin da ya gani. Bambancin yana wajen ajin da aka haɗa, da matakin da aka haɗa su, da kuma inda labarin zai tsaya, wanda shi ne abin da masu musun suka fi mantawa da shi.

Sharaɗin shiga ba shi da wuya. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ce sai kana da maki 13 a babbar siffar ajin da kake ciki, da kuma 13 a ta ajin da za ka shiga. Wizad, mai koyon sihiri daga littafi, basira yake nema. Kilarik, mai samun ikonsa ta hanyar bauta, hikima. Mayaƙi ƙarfi ko zafin nama, duk wanda ka samu. Faladin, barden da ya ɗaure kansa da rantsuwa, yana neman biyu, ƙarfi da kwarjini. Idan ka tsallake wannan ƙofa babu wanda zai tare ka, kuma nan matsalar take, domin littafin ya faɗa maka yadda ake shiga, bai tsaya lissafa maka abin da za ka biya ba.

Abin da ake biya

Akwai abubuwan da ke bin jimillar matakanka, ko aji nawa ka raba su. Ƙarin ƙwarewar da ake sawa a kan jifan dayis yana tashi daga +2 zuwa +3 a mataki na 5, ya kai +4 a na 9, ko da ka yi gamin gambiza na aji uku. Ƙananan sihirin nan da ba sa ƙarewa su ma suna ƙara ƙarfi a mataki na 5, na 11 da na 17 bisa jimilla. Ban da waɗannan, kusan duk wani abu mai daɗi yana bin matakin aji ne shi kaɗai.

Ɗauki ƙarin makin siffa. Ana samunsa a mataki na 4, 8, 12, 16 da 19 na aji, ba na jarumi ba. Hari na biyu a juyi ɗaya, wato duk lokacin da layi ya zo kanka, wanda ke ninka aikin mai takobi, yana zuwa a mataki na 5 na mayaƙi, faladin, maharbi, babariyan mai faɗa da fushi ko monk mai faɗa da hannu, kuma ba a haɗa rabin wannan da rabin wancan a same shi. Sihiri mai daraja ta uku, irin su ƙwallon wuta mai dayis 8 masu fuska shida, sai wizad ko sosara, mai sihirin gado, ya kai mataki na 5 a ajinsa.

Bari mu sa lamba. Abokai biyu sun kai mataki na 6. Na farko mayaƙi ne zalla. Na biyu ya raba, mayaƙi 3, ɗan sanɗa 3. Dukansu sun fara da 16 a siffar da suke kai hari da ita, dukansu suna riƙe da siririn takobi mai dayis ɗaya mai fuska takwas. Mayaƙi zalla ya riga ya karɓi ƙarin maki sau biyu, a mataki na 4 da na 6, siffarsa ta kai 20. Yana sara biyu a juyi, kowanne matsakaicinsa 9.5, jimilla 19 idan duka sun samu, kuma yana jifa da +8. Mai gami bai ga ƙarin maki ko sau ɗaya ba. Sara ɗaya gare shi, 7.5, sai harin bazata na ɗan sanɗa mai dayis biyu ya ƙara masa 7, ya kama 14.5, da sharaɗin yanayin ya ba shi dama, kuma da +6 yake jifa. Ya sami wasu abubuwa a madadin haka, ban musa ba: gwaninta ninki biyu a fannoni biyu, da damar ɓuya ko zillewa ba tare da ya ɓata juyinsa ba. Amma idan dalilin gamin shi ne ya fi abokinsa iya faɗa, an yi ba a yi ba.

Na masu sihiri ya fi wannan ruɗarwa, don takardar jarumin tana nuna kamar babu asara. Guraben sihiri, waɗanda ake kashe ɗaya duk lokacin da aka jefa babban sihiri, ana haɗa su: ka tara matakan cikakkun masu sihiri, ka ƙara rabin na faladin da maharbi, ka duba jadawali ɗaya. Wizad 3, kilarik 3 yana da gurabe irin na mai mataki 6, wato huɗu na daraja ta ɗaya, uku na ta biyu, uku na ta uku. Sai dai sihirin da ya sani ana duba shi aji-aji, kuma a kowane ɗayan bai wuce daraja ta biyu ba. Ga gurbin daraja ta uku har uku, babu sihirin daraja ta uku ko ɗaya da zai zuba a ciki. Iyakarsa ya ɗauki ƙaramin sihiri ya hura shi ya ɗan yi girma.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci. Gamin aji bashi ne, kuma da jinkiri ake biyansa. Wanda ya ari mataki ɗaya daga wani aji zai sami ƙwallon wutarsa a mataki na 6 maimakon na 5. A ido, tazarar mataki ɗaya ce. Amma duba jadawalin makin ci gaba: daga farawa zuwa mataki na 5 maki 6,500 ne, daga 5 zuwa 6 kuwa sai ka ƙara 7,500, ka kai 14,000. Jiran da za ka yi na wannan mataki ɗaya ya fi duk tafiyar da ka yi a baya nauyi a ma'aunin maki. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ba da shawarar zama biyu ko uku ga kowane mataki bayan na huɗu. Ƙungiyar da ke haɗuwa sau biyu a wata, aron mataki biyu na nufin wata biyu ko uku kana kallon abokanka suna yin abin da kai ba ka isa ba. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba, haka za ka yi ta zuwa a makare a kowace daraja har labari ya ƙare.

Masu tsara jarumai a intanet sun fi son nuna maka yadda gamin zai kasance a mataki na 20. Tambayi kanka ko za ka je can. Lost Mine of Phandelver, labarin da ke cikin akwatin masu farawa na 2014, a mataki na 5 yake tsayawa. Curse of Strahd na 2016 yana kaiwa na 10, Tomb of Annihilation na 2017 na 11. Tsarin da sai a mataki na 9 yake fara aiki, a labarin da zai rufe a na 10, aikin banza ne. Wannan lissafin yana da ɗaya fuskar kuma: tunda ba za ka kai 20 ba, kada wani ya tsorata ka da cewa za ka rasa kambin ƙarshe na ajinka. Ba za ka gan shi ba ko ka yi gami ko ba ka yi ba.

Inda gamin yake biya

Duk da haka akwai gamin da ya fi zaman aji ɗaya ƙarfi, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka gina ajin. Dole a ba wa sabon ɗan wasa abin da zai sa ya ji shi mayaƙi ne ko walok, mai sihirin yarjejeniya, tun daga zaman farko, don haka ake jibge kayan aji a matakan farko. Mai gami yana zuwa ya kwashi wannan kayan ya yi gaba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne wizad mai sulke. Wizad zalla yana kashe gurbin sihiri ɗaya kullum don ya kai makin kariya 15 ko 16, lambar da sai abokin gaba ya kai ta kafin harinsa ya same ka. Wanda ya fara da mayaƙi 1 sannan ya koma wizad yana sa sulke mai ɓawo da ake saye a kan zinariya 50, ya riƙe garkuwa, ya tsaya a 18 ba tare da ya taɓa gurbi ba, idan kuɗi sun samu ya hau 19 ko 20. Ya kuma gaji ƙwarewa a jifan tsira na juriya, dayis ɗin da ake jefawa don jure cuta, wanda da shi ake riƙe sihiri kada ya suɓuce idan an doke ka. Lura da kalmar "fara": ƙwarewar jifan tsira daga ajin farko kaɗai ake samunta, haka ma sulke mai nauyi na mayaƙi. Wanda ya fara da wizad ya leƙa mayaƙi daga baya ba zai sami ko ɗaya cikin biyun ba, sai matsakaicin sulke da garkuwa. Mataki ɗaya a kilarik ma yana ba da matsakaicin sulke da garkuwa, kuma shi bai rage maka gurabe ba, tunda kilarik cikakken mai sihiri ne.

Sai dangin kwarjini. Aji huɗu ne ke sihiri da siffa ɗaya: mawaƙi, faladin, sosara mai sihirin gado, da walok mai sihirin yarjejeniya. Tunda siffar ɗaya ce, haɗa su ba ya tilasta maka raba makinka. Walok 2 yana ba da ƙaramin sihirin harbi, Eldritch Blast, tare da ƙarin da ke ɗora makin kwarjini a kan kowane harbi, kuma yawan harbin yana bin jimillar mataki: biyu a na 5, uku a na 11, huɗu a na 17. Ka biya mataki biyu, ka sami makamin da zai yi ta girma da kansa. Da littafin Xanathar's Guide to Everything ya fito a 2017 da Hexblade, reshen walok, wato fannin da ake zaɓa a cikin aji, abin ya ƙara ta'azzara. Mataki ɗaya tak ya ba ka damar sara da kwarjini maimakon ƙarfi, ga matsakaicin sulke ga garkuwa. Faladin da a da yake raba makinsa tsakanin ƙarfi da kwarjini ya huta. A ganina wannan kuskuren masu tsarawa ne, ba wayon 'yan wasa ba, kuma jagororin da suka hana shi a teburinsu ba su yi laifi ba.

Faladin da sosara ma tsohuwar abota ce. Faladin yana ƙona gurbin sihiri ya ƙara wa saransa dayis biyu masu fuska takwas, da ƙarin ɗaya ga kowace darajar gurbi, sosara kuwa gurabe ne da shi da yawa. Masu haƙuri suna jira sai faladin ya kai 6, ya sami hari na biyu da kuma inuwar kariyar nan da ke ƙara makin kwarjininsa a jifan tsiran duk abokin da ke cikin ƙafa 10 da shi, sannan su juya. Wannan shi ne gami mai hankali: an kai aji inda ya ba da mafi kyawun abin da yake da shi, sannan aka bar shi.

Masu takobi zalla sun fi masu sihiri samun sauƙin barin gida. Wizad kowane mataki biyu sabuwar daraja ke jiransa, har zuwa ta tara a mataki na 17, don haka duk matakin da ya kai waje yana ji a jikinsa. Babariyan kuwa, bayan ya karɓi hari na biyu a mataki na 5, abin da ke gaba bai kai na baya armashi ba, kuma mataki biyu ko uku a mayaƙi ko ɗan sanɗa ba za su cuce shi ba. Abin da ba ya haɗuwa da babariyan shi ne sihiri, domin idan ya hau fushinsa ba ya iya jefa sihiri, ba ya iya riƙe wanda ya riga ya jefa. Haka monk da faladin: siffa huɗu ake nema a 13, alhali jerin makin da littafi ya tanada, 15, 14, 13, 12, 10, 8, uku kaɗai ke cikinsa da suka kai.

Wane bugu ke kan teburinku?

Kafin ka kwafi tsarin wani, duba shekarar littafin da kuke wasa da shi. Sabon littafin 'yan wasa da ya fito a Satumbar 2024 ya toshe ƙofofi da dama. A na 2014, kilarik, sosara da walok suna zaɓar reshensu tun mataki na 1, wizad da durid, mai sihirin daji, a na 2. Yanzu kowa sai a na 3, don haka aron reshe ya koma mataki uku. Ƙarin yunƙurin mayaƙi na mataki na 2, wanda masu sihiri ke arowa don su jefa manyan sihiri biyu a juyi ɗaya, an ce ba a yin sihiri da shi. Saran faladin mai ƙona gurbi ya zama sihiri mai cin ƙaramin motsin juyi, sau ɗaya kenan a juyi maimakon kowane sara. Amma ba duk ƙofofin aka rufe ba. Walok 1 na iya ɗaukar yarjejeniyar takobi ya yi sara da kwarjini, kilarik 1 na iya zaɓar hanyar mai tsaro ya sa sulke mai nauyi, kuma rabin matakan faladin da maharbi yanzu sama ake zagaye shi, ba ƙasa ba.

Wanda ya shigo ta hanyar Baldur's Gate 3, wasan kwamfutar da Larian ta fitar a 2023, shi ma ya yi hattara. A can babu sharaɗin maki 13, mataki yana tsayawa a 12, kuma da zinariya 100 za ka warware jaruminka ka sake ɗinka shi duk lokacin da ka ga dama. A kan tebur, matakin da ka kai wani aji ya tafi kenan, sai in jagora ya tausaya.

Hanya ta uku, wadda aka fi rainawa

Yawancin masu son gami, idan ka matsa musu da tambaya, ba aji biyu suke so ba. Hoto ne a ransu: mai takobi da ke walƙiya da sihiri, ko ɓarawon da ke ɓacewa da ƙiftawar ido. Masu tsara wasan sun san da haka, shi ya sa suka gina rassa da suke gami ne da aka riga aka dafa. Eldritch Knight mayaƙi ne da ke samun sihirin wizad daga mataki na 3 ba tare da ya rasa hari na biyu ko ƙarin makinsa ba, kodayake sihirinsa yana tafiyar hawainiya, sai a mataki na 19 yake taɓa daraja ta huɗu. Arcane Trickster haka yake ga ɗan sanɗa. Daga ɗaya ɓangaren, mawaƙin College of Valor da wizad na reshen Bladesinger suna samun hari na biyu a mataki na 6 kuma sihirinsu bai makara ko da mataki ɗaya ba. Sosara na reshen Divine Soul yana ɗiba daga sihirin kilarik kai tsaye.

Ƙasa da haka akwai baiwa, wato wata gwaninta ta musamman da ake zaɓar wa jarumi. Magic Initiate tana ba da ƙananan sihiri biyu da sihiri ɗaya na daraja ta farko, kuma a dokokin 2024 ana iya samunta tun ranar farko ta hanyar asalin jarumi. Idan abin da labarinka ke buƙata shi ne a ga cewa wannan sojan ya taɓa zama gaban wani malami ya tsinci abu ɗaya ko biyu, wannan ta wadatar, ba sai ka jinkirta hari na biyu ba.

Yadda Pathfinder ta warware shi

Matsalar tsohuwa ce. A Advanced Dungeons & Dragons na 1978, jinsunan da ba mutane ba, irin su elf, suna iya ɗaukar aji biyu ko uku lokaci ɗaya tun daga farko, ana raba makin ci gaba daidai tsakaninsu. Da yake makin da ake nema kusan ninkawa yake a kowane mataki, mai aji biyu yakan kasance baya da kamar mataki ɗaya ne kawai, sai aka daidaita shi da yi masa iyakar matakin da ba zai wuce ba. Mutum kuwa sai dai ya bar ajinsa ya koma wani, da sharaɗin 15 a siffar tsohon aji da 17 a ta sabon, kuma ba zai mori tsohon iliminsa cikin kwanciyar hankali ba sai sabon aji ya zarce shi. Bugu na uku na 2000, bayan Wizards of the Coast ta sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997, shi ya kawo tsarin zaɓa mataki-mataki da ake amfani da shi yau, ya sa tarar kashi 20 cikin 100 na makin ci gaba ga wanda ajinsa suka yi nisa da juna. Tarar ba ta hana kwasar matakan farko ba, kuma kilarik da wizad a haɗe ya yi rauni har sai da bugun 3.5 na 2003 ya ƙirƙiro aji na musamman, Mystic Theurge, don ya yi masa faci.

Kamfanin Paizo, wanda ya gina Pathfinder na 2009 a kan 3.5, ya canza hanya gaba ɗaya a bugu na biyu na 2019. A nan ba ka barin ajinka ko da mataki ɗaya. Kowane mataki mai lamba cika, 2, 4, 6 da sauransu, kana zaɓar baiwar aji ɗaya. Idan kana son wani abu daga wani aji, sai ka kashe ta mataki na 2 wajen ɗaukar baiwar mubaya'a ga wancan ajin, da sharaɗin 14 a siffarsa, wato +2 a sabon lissafin Player Core na 2023. Daga nan kana iya sayen ƙarin baiwoyinsa da naka. Ba za ka yi wa aji na uku mubaya'a ba sai ka ɗauki wasu baiwoyi biyu daga na biyun, wanda ya kashe sana'ar tsinci-nan-tsinci-can.

Sakamakon ya sha bamban da na D&D. Mayaƙin da ya yi mubaya'a ga wizad yana nan mayaƙi cikakke, makin ransa da iya saransa ba su ragu ba. Yana samun ƙananan sihiri biyu a farko, da wata baiwar a mataki na 4 ya sami gurbin daraja ta ɗaya, ta biyu a na 6, ta uku a na 8. Idan ya ci gaba da zuba baiwoyi, iyakarsa daraja ta takwas a mataki na 20, alhali wizad na ainihi yana taɓa ta goma a na 19. Wizad da ya yi mubaya'a ga mayaƙi zai iya riƙe manyan makamai, amma ba zai taɓa samun daidaiton hannun mayaƙi ba, kuma a wasan da zarce makin kariya da 10 ke ninka rauni, tazarar +2 babbar magana ce. Harin bazata na aro ba ya wuce dayis ɗaya mai fuska shida. Idan ka yi zaɓin da bai yi maka ba, doka ta yarda ka sauya baiwa da horon kamar mako ɗaya a cikin labari.

Wato a Pathfinder na biyu da wuya ka lalata jaruminka, da wuya kuma ka fi kowa. Wannan shi ne kyawunsa, shi ne kuma abin da wasu ke ƙi. Wanda daɗinsa shi ne ya kwana yana tono littattafai har ya gano haɗin da ya karya lissafi zai ji an ɗaure masa hannu. Labarin mutumin da ya jefar da takobi ya rungumi littafi, ya bar tsohuwar rayuwarsa baki ɗaya, shi ma tsarin D&D ya fi iya ba da shi, don a Pathfinder ajinka na farko yana biye da kai har ƙarshe. Ga kuma nauyin zaɓi: baiwoyi sun yi yawa, kuma dokar nan ta Free Archetype daga Gamemastery Guide na 2020, wadda ke ba kowa ƙarin layin baiwa kyauta don gami, tana ƙara wa sabon shiga abin karantawa. Sauƙin dai shi ne dokokin suna nan kyauta a shafin intanet na Archives of Nethys, za ka iya gwadawa kafin ka kashe ko sisi.

To, wa zai ɗauki wanne? Sabon ɗan wasa, ko wanda labarinsu ba zai wuce mataki na 5 ko na 6 ba, ya zauna a ajinsa ya zaɓi reshen da ya yi kama da hoton da ke ransa. Ban ga wani gami da zai rama masa abin da zai rasa a wannan ɗan taƙin ba. Mai takobi a labarin da zai kai 10 ko 11 ya jira hari na biyu tukuna, sannan ya ari mataki ɗaya zuwa uku, kuma ya lura kada ya tsaya a mataki na 7 na ajinsa alhali ƙarin maki na jiransa a na 8. Cikakken mai sihiri kada ya wuce aron mataki ɗaya, kuma ya yanke shawarar tun ranar ƙirƙirar jarumi, saboda maganar ajin farko. Rabi da rabi kuwa, irin 3 da 3 ko 4 da 4, sai wanda ya san zai yi rauni kuma ya yarda saboda labari. Idan kuma duk teburinku masu son haɗe-haɗe ne, kowa na zuwa da tsarin aji uku, ku daina wahalar da jagoranku, ku gwada Pathfinder na biyu da Free Archetype.

Jagora ma yana da nasa aikin. Walok 1 ba sulke da takobi ba ne kawai, yarjejeniya ce da wani mai iko, kuma wanda ya sa hannu don ya sami makin kariya ya kamata wata rana mai yarjejeniyar ya aiko masa da saƙo. Faladin rantsuwa ce, ba a tsintar ta a hanyar kasuwa. Ka nemi ɗan wasa ya sanar da kai mataki ɗaya kafin ya juya, don ka shigo da malamin ko haikalin cikin labari tun da wuri. Sannan ka bar ƙofar gyara a buɗe ga sababbi. Adventurers League, tsarin wasan da Wizards of the Coast ke gudanarwa a shaguna da taruka, a shekarun farko na bugu na biyar yana barin ɗan wasa ya sake gina jaruminsa matuƙar bai kai mataki na 5 ba. Wannan doka ta dace da teburin gida ma, kuma ni zan ƙara dama ɗaya bayan haka ga duk wanda ya yi gami ya ga bai karɓe shi ba.